Filin Manoma: Rawaya, Kowa Na Haƙa Ba Mai Shukawa

Jama'a, wannan mako za mu ɗan ajiye maganar gero da dawa da gyaɗa, mu leƙa daji. Abin da zai kai mu kuwa wani ɗan tsiro ne wanda kowa ya san sunansa, amma ba kowa ya san shi ne mai sunan ba. In ka ce wa yaro ya ɗauko maka hula rawaya, ya san launin da ka ke nufi. In kuwa ka ce ya je bayan gari ya nuna maka rawaya, sai ya tsaya yana kallonka. Alhali rawaya sunan tsiro ne tun asali. Daga saiwarta kakanninmu su ke samun wannan launi, har sunan ya bi launin ya shigo gari, ya bar mai shi a daji.

Abin da ya tuna mini da ita, ran nan na tsaya a rumfar wata tsohuwa mai sayar da saiwoyi da sassaƙe a wata kasuwar ƙauye. Na ga 'yan guntayen rawaya a faifai, duk sirara. Na ce, "Iya, ina manyan?" Ta ce, "Ɗan nan, manyan sun tafi da zamaninsu. Sa'ad da ina yarinya a bayan gidanmu mu ke haƙo ta in mun je itace. Yanzu sai an kawo mini daga nesa, kullum kuwa nisan ƙaruwa ya ke yi." Na ce, "To, ba wanda ya shuka?" Sai ta yi dariya, ta ce ita tun da ta ke ba ta taɓa jin an shuka rawaya ba, ai kayan Allah ne.

Kayan Allah ne, ba shakka. Amma gero ma kayan Allah ne, ba mu kuwa bar shi ya shuka kansa ba. Ku duba, mangwaro ya kan ba da 'ya'ya ya zauna, kuka ta kan ba da ganye ta zauna. Rawaya kuwa saiwarta a ke so, saiwar nan ko ita ce ranta. Duk wadda aka kai kasuwa ta bar rami a daji. Abin da a ke ɗiba kullum ba a mayarwa, ko rumbun Sarki ne wata rana sai an ga ƙasansa. Don haka na ga ya kamata mu yi magana a kan yadda a ke tsirar da ita daga iri. Abu ne mai yiwuwa, ba ya cin kuɗi, sai dai yana cin haƙuri.

Yadda Za Ka Gane Ta

Rawaya tana fitowa a dajin da ke da itatuwa jefi-jefi da ciyawa a tsakani, irin dajin doka da kaɗanya da ɗorawa da taura. Ana samunta tun daga Senegal har Sudan da Uganda. Ta fi son tudu mai tsakuwa ko marmara, da tsohuwar saura, da wuraren da wuta ke ci kowace shekara. A waɗansu garuruwa ana ce mata balagande, a waɗansu kuma zunzuna. Likita Dalziel, wani Bature da ya yi aikin asibiti nan Arewa, ya sa ta cikin littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa a 1916. Masanan tsire-tsire kuwa tun 1831 suka raɗa mata nasu suna, watau Cochlospermum tinctorium. Kalma ta fari ma'anarta iri mai siffar katantanwa, domin irin a lanƙwashe ya ke. Ta biyu ma'anarta ta masu rini. Ka ga ke nan su ma da sana'arta suka san ta.

Da damina ta kan fid da rassa sirara, tsawonsu bai cika wuce ƙafa 2 ko 3 ba. Ganyen a rarrabe ya ke kamar yatsun hannu, ya so ya yi kama da na rogo. Da kaka sai ganyen ya bushe, rassan su mutu, ka ce ba ta nan. Sai rani ya yi, gobarar daji ta wuce, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, sa'an nan ka ga fure ya ɓullo dab da ƙasa, ba ganye ko ɗaya a jikinsa, yana ƙyalli kamar zinariya. Faɗinsa ya kan kai inci 3, ganyayen furen biyar ne, da 'yan zarurruka masu yawa a tsakiya. Maharba da makiyaya sun san shi sarai.

Tana da 'yar'uwa doguwa, wadda masana ke kira Cochlospermum planchonii. Ita ta kan kai tsayin mutum, ko ta fi, a bisa rassa kuma ta ke yin fure wajen ƙarshen damina, da ganyenta a jiki. Mutane da yawa suna ɗaya su ke kiransu, aikin saiwarsu ma kusan ɗaya ne. Abin da za mu faɗa ya shafe su duka biyu, sai dai lokacin tara iri ya bambanta, tun da lokacin furensu ba ɗaya ba ne.

Ainihin rawaya a cikin ƙasa ya ke. Saiwa ce mai kauri mai ƙarfi, in ka sare ta sai ka ga cikinta rawaya har ta so ta yi ja, ta rina maka hannu. Nan ta ke ajiye abinci da ruwa. Da damina ganye ya yi aiki ya cika wannan rumbu, da rani ta ci daga ciki ta yi fure ta yi iri. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya san rabin noman rawaya.

Amfaninta

Na fari rini. A kan daka saiwar, a jiƙa ko a tafasa, a rina zare da tufa da kaba da fata. In aka gama ta da shuni sai a sami kore. Tun da wani Bature ɗan Ingila mai suna Perkin ya gano rinin haɗi a 1856, galura ta yi ta shigowa tana kashe kasuwar rinin itatuwa a ko'ina, ta rawaya ma ba ta tsira ba. Amma ba ta rasa masu nema ba. A arewacin Gana da Burkina Faso mata su kan sa saiwar a man kaɗanya sa'ad da su ke dafa shi, shi ya sa za ka ga wani man fari wani kuwa rawaya. A arewacin ƙasar Binin, wadda a ke kira Dahome kafin 1975, mata su kan shanya saiwar su dake ta, su sayar da garin a kasuwa, a sa a miya don launi da ɗanɗano. Audugar da ke cikin kwansonta a kan cusa a matashi, ɓawon rassanta kuma a kan yi igiya da shi.

Sai magani, wanda shi ya fi jawo haƙarta a wajenmu. Masu maganin gargajiya tun da daɗewa su ke ba da ita don shawara da zazzaɓi. Nan ina da jan kunne. Rawayar ido alama ce, ciwon da ke bayanta iri-iri ne. Wani ciwon hanta ne, wani zazzaɓin cizon sauro ne da ya yi tsanani, wani ciwon jini ne. Wanda idonsa ya canja, ko jariri da aka ga jikinsa ya yi rawaya, a kai shi asibiti a auna tukuna. Wannan fili na manoma ne, ba na likitoci ba, maganar shuka mu ke yi.

Abin Da Ke Cinye Ta

Ƙidayar 1963 ta ba da mutum miliyan 55 da ɗoriya a Nijeriya, yau kuwa an haura miliyan 200. Saurar da a ke bari ta huta shekara da shekaru yanzu ba ta hutawa. Fartanya ta kan sare kan rawaya ta sake tohowa, amma garmar tarakta ta kan tumɓuke saiwar ta jefar a rana. Maganin feshi ya kan ƙone ganyen da damina, lokacin da ya kamata ta cika rumbunta, in aka yi ta maimaitawa sai saiwar ta rame ta mutu. Ga kuma mai dagi, wanda ba ya barin ko guntu. Har wa yau, dazuzzuka da yawa na Arewa shigarsu ta zama kasada saboda rashin tsaro, wanda ya sa 'yan wuraren da ke kusa da gari su ke shan haƙa fiye da ƙima.

Ba mu kaɗai muka lura ba. A 2021 waɗansu malaman Jami'ar Abomey-Calavi ta ƙasar Binin sun tattara abin da aka sani a kan rawayun nan biyu, suka nuna yawan haƙar saiwa yana yi musu barazana, suka ce lalle a koyi noma su. To, wannan koyo ba sai an jira jami'a ba. Kowane manomi mai gefen gona yana iya farawa bana.

Tara Iri

Sa'ad da ka ga fure da rani, ka aje dutse ko ka kafa ɗan fegi a wurin, domin in furen ya kaɗe ba ka sake gane ta cikin toka. Bayan kamar wata guda kwanson ya kan nuna. Siffarsa kamar ƙwan zabo, ya kan fara da ɗanye, ya koma ƙasa-ƙasa, sa'an nan ya tsage gida uku ko huɗu ko biyar, farar auduga ta leƙo. Wannan shi ne lokacin. In ka tsinke shi ɗanye irin bai ƙosa ba, in ka makara iska ta riga ka, gama audugar nan ita ce fiffiken irin. Don haka ka riƙa zagayawa bayan kwana uku-uku.

Kada ka ɗebi irinka duka daga gindi ɗaya. Ka bi gindi 10 ko fiye, waɗanda ke nesa da juna, kamar yadda mai kiwo ba ya so garkensa duka ya fito daga uwa ɗaya. Kowane gindi ka bar masa rabi, daji ma yana da hakki. In cikin gandun daji na hukuma ne, ka nemi izinin malamin daji tukuna. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci da ba ya da halin shiga daji ya iya sallamar makiyayi ko mai itace su kawo masa, amma ya ce kwanso ya ke so busasshe, ba saiwa ba.

In ka zo gida ka zuba a ƙwarya ka rufe da faifai, ka sa a rana kwana biyu ko uku. Sa'an nan ka murje audugar da hannu, ko ka gurje ta yadda tsofaffi ke raba auduga da gurya. Irin baƙi-baƙi ne, bai kai ƙwayar wake ba. Ka fid da masu huji da waɗanda suka motse. Sauran ka gauraya da toka mai sanyi, ka zuba a kwalba ko gora, ka toshe, ka aje inda ba laima har damina ta kusa.

Abin Da Ya Sa Irin Ba Ya Tsirowa

Nan ne mafi yawan masu gwadawa su ke fid da rai. Ni kaina na fāɗa wannan rami. Shekarar da na fara, na shuka irin yadda na tsinko shi, na yi ta ban ruwa safe da yamma, gyaɗar da na shuka rana ɗaya da shi har ta yi fure, shi ko shiru. Na ce irin banza ne, na bar wurin. Da damina ta zagayo sai ga 'yan tsiro biyu-uku sun fito inda na riga na manta. Ashe irin lafiyarsa lau, ni ne ban san halinsa ba.

Dalili shi ne, ɓawon irin yana da tauri ƙwarai, ruwa ba ya ratsa shi. Iri kuwa ba ya tsirowa sai ya sha ruwa ya kumbura. Wannan ba aibi ba ne, hikima ce. Kowane manomi ya san wahalar wanda ya zuba irinsa duka da ruwan fari, sa'an nan sama ta ɗauke kwana 20. Rawaya ba ta yin wannan ganganci. A daji zafin rana, da sanyin dare, da wucewar wuta, da gogar tsakuwa su ke cin ɓawon sannu a hankali. Wani iri ya buɗe bana, wani baɗi, wani sai baɗin baɗaɗa. Ko wace shekara aka yi fari, akwai saura a ƙasa. Haka irin gawo da bagaruwa su ke, shi ya sa ka kan ga gawo ya fi tsirowa inda dabbobi suka ci 'ya'yansa suka kasayar. Aikin mai shuka shi ne ya yi wa irin a dare ɗaya abin da daji ke yi masa a shekara biyu.

Yadda A Ke Buɗe Shi

Hanya ta fari goga. Ka riƙe ƙwaya ɗaya, ka goga bayanta, watau wajen doron, a kan dutsen washi ko magagari ko daɓen siminti, har baƙin ya ɗan kau ka hango haske-haske. Nan ka tsaya. Ƙofa kaɗai a ke so ruwa ya samu, in ka zurfafa ka ji wa ɗan tsiron ciwo. Kada ka goga wajen cikin lanƙwasar. Wannan hanya tana cin lokaci, amma ga mai ƙwaya 50 ko 100 aikin hira ɗaya ne, yara ma sun iya in an nuna musu.

Hanya ta biyu ruwan zafi, ga mai iri da yawa. Ka tafasa ruwa, ka sauke daga wuta, ka bari tafasar ta kwanta, sa'an nan ka zuba a kan irin cikin kwano, ruwan ya fi irin yawa sosai. Ka bar shi ya huce da kansa har gari ya waye. Kada ka dafa irin a kan wuta, in ka yi haka ka yi dafuwa, ba shuka ba. Ka fara gwadawa da ƙwaya 10 kafin ka zuba wa duka.

Ko wace hanya ka bi, irin ya kwana a ruwa. Da safe ka duba. Wanda ya kumbura ya yi laushi ya buɗe, shi za ka shuka. Wanda ya ke nan da taurinsa ka sake goga shi ka mayar. In kana so ka tabbata irinka mai rai ne, ka naɗe kaɗan a tsumma mai laima ka aje a inuwa, kana yayyafa ruwa, ka ga ko za su fid da farar saiwa. Masu bincike su kan yi amfani da ruwan asid mai ƙarfi, amma wannan ba na gida ba ne, yana ƙona hannu yana makantarwa. Abu ɗaya kuma: irin da aka buɗe ba ya ajiyuwa. Ran da ya kumbura ran nan za a shuka shi, a ƙasa mai laima. Don haka kada ka taɓa kwalbarka sai damina ta zauna, ko kuwa kana da ruwan ban ruwa.

Wurin Shuka

Kada ka ba ta tsakiyar gonarka, ba ta bukata. Ka ba ta wurin da ba ya ba ka kome: gefen gona inda a ke barin gamba, ko tudun tsakuwa da garma ke tsallakewa, ko tsakanin itatuwan kaɗanya da ɗorawa inda rana ke sauka rabin yini. Inuwa mai duhu irin ta gindin mangwaro ba ta yi mata. Fadama da duk inda ruwa ke kwanciya su ne maƙiyanta, saiwar ruɓewa za ta yi. Ba ta neman takin zamani. In ƙasar ta cika mutuwa, ɗan ruɓaɓɓen taki cikin tafin hannu ya isa rami ɗaya.

Shuka a wurin zamanta ta fi dashe, domin tun tana ƙarama ta ke sa saiwa ƙasa, ba ta kuwa son a taɓa ta. Ka sassauta ƙasa da dagi zurfin taƙi ɗaya, ka sa ƙwaya 2 ko 3, zurfin rabin inci, ka rufe ka danna kaɗan. Tsakanin rami da rami ƙafa 3. Ka shuka da yawa a wuri ɗaya, kada ka warwatsa ɗaya nan ɗaya can, domin ƙwari 'yan dangin zuma su ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan, da haka iri ke ƙulluwa.

In kuwa wurin yana da kaji da ɓeraye, ko kana so ka riga damina, ka rene ta a leda cikin bazara. Ka nemi doguwar leda, ka huda ƙasanta, ka cika da yashi kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ƙaramar ledar ruwan sha ba ta da zurfin da ya isa, saiwar za ta naɗe. Ka aje a inuwar rumfa, ka ba da ruwa sau ɗaya a yini, kada ya yi yawa. Da ruwan sama ya zauna, ta yi ganye huɗu ko biyar, sai ka tsaga ledar da reza ka dasa da ƙasarta, da yamma, ba tare da ka fasa curin ba.

Shekarar Fari

Ka kewaye kowane rami da duwatsu, ka nuna wa yaranka da 'yan ƙodago, in ba haka ba ran noman firi za su share ta da ciyawa. Ka cire ciyawar da ke kusa da hannu. Mai feshi ya nisance ta. In gefen hanyar dabbobi ne ka sa ƙaya. Inda ƙwaya uku suka fito, ka bar mai ƙarfi ɗaya ko biyu.

Kada ka sa ran fure a wannan shekara, kada kuma ƙanƙantarta ta karya maka zuciya. Aikinta a ƙasa ya ke. Da kaka za ka ga ganyen ya bushe ya kaɗe, wurin ya zama kamar ba a taɓa shuka kome ba. Kada ka tona don ka gani, kada kuma ka yi ta zuba mata ruwa don tausayi. Barci ta ke yi, ranar tashinta tana nan. Duwatsun nan su za su tuna maka inda ta ke. Ramin da bai tsiro ba ma kada ka nome shi, ka ba shi damina ɗaya.

Maganar Wuta

Wani zai ce, tun da bayan gobara ta ke fure, ashe sai a sa wuta. A'a, kada wani ya ce Filin Manoma ya aike shi ƙona daji. Babbar rawaya tana jure wuta don saiwarta ta yi zurfi ta yi kauri. 'Yar shekara ɗaya ba ta da wannan garkuwa, wutar tsakiyar rani mai zafi tana iya gamawa da ita, ta haɗa da gambarka da itatuwanka da amfanin maƙwabcinka. Ban da haka akwai dokar tarayya ta 2011 a kan ƙona daji ba da izini ba. Abin da za ka yi, da kaka ka yanke busasshiyar ciyawa ka kwashe, ka share kewayen wurin faɗin ƙafa 6, rana ta sami ƙasa, wutar wani kuma in ta taso ta rasa abin ci.

Ranar Haƙa

Shawarata, kada dagi ya taɓa gindi sai ya yi fure ya zub da iri sau biyu. Da haka ka san saiwar ta ƙosa, ka kuma sami irin da za ka mayar. In lokacin ya yi, ka haƙa da rani bayan ka tara iri. Ka tona gefe ɗaya, ka yanki abin da za ka yanka da wuƙa mai kaifi, ka bar kan saiwar da rabinta a ƙasa, ka mai da ƙasa ka danna. Ka raba shukarka kashi uku ko huɗu, kowace shekara ka taɓa kashi ɗaya, sauran su huta. Duk gindin da ka cire ɗungum, ka shuka biyu a madadinsa. Wannan ka'ida ta shafi masu haƙa a daji ma, da 'yan kasuwar da ke saye a hannunsu. Wanda ke sayen saiwa siririya yana cin jarinsa ne da kansa.

Akwai kuma hanyar da ta fi duka sauƙi. Tun wajen 1983 manoman ƙasar Maraɗi suka fara abin da su ke kira sassaben zamani, watau barin kututturan da ke tohowa a gona a rene su maimakon a sare, da haka itatuwa suka komo gonakinsu ba da dashe ba. Rawaya ma haka. In kana da ita a gefen gonarka, wadda Allah ya shuka maka, ka kewaye ta ka bar ta. Ita ce za ta zama uwar irinka.

Ban ce wani zai yi arziki da rawaya ba, ba kuwa za ta maye gurbin gyaɗa ko waken suya ba. Amma ƙasar da za ta ci ba ta ba ka kome a yanzu, aikinta na 'yan kwanaki ne a shekara, in ta kafu kuma ta zauna ke nan, kai ka ɗiba, 'ya'yanka su ɗiba. Ma'aikaci mai ɗan fili a bayan gida, da malamin makaranta mai lambun yara, su ma su gwada, ko don furen nan da ke fitowa sa'ad da kome ya bushe. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana. Ranin nan in ka ga furen a toka, ka aje dutse. Wanda ya gwada ya rubuto mana yadda ta kasance a ƙasarsu, da sunan da su ke kiranta, mu buga don sauran manoma su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.